Kifin da Anasara Ya Bar wa Ɗanasabe

Ɗanasabe ga-ruwa ne. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana ɗaukar ruwa a Tibiri, sanda a kafaɗa, garwa biyu na lilo, kafin ya koma ƙauyensu da ke arewa da Cadakori ya zauna har ƙarshen ransa. Gajere ne kakkaura, da kanta a kafaɗar dama wadda ko da ya tsufa ba ta baje ba. Ba shi da yawan magana, kuma in ana yi masa zance bakin mai zancen yake kallo, ba idonsa ba. Wannan kallo ya sa mutane da yawa ba su saki jiki da shi ba tun kafin maganar kifi ta taso. Dalilin kuwa kunnensa na hagu ne ya toshe tun yana ƙarami, bai kuma taɓa faɗa wa kowa ba sai matarsa Habi.

Shekaru bakwai na ƙarshe a Tibiri a gidan wani Anasara ya yi su, ma'aikacin gona mai kula da irin gyaɗa, wanda mutane suka sa wa suna Mai Lofe don lofen taba ba ya barin bakinsa. Aikin Ɗanasabe shi ne ya cika tano biyu, wato manyan ganguna na ƙarfe, kowace safiya, na wanka da na girki, ya kuma shayar da 'yan itatuwan tsakar gida.

Wata shekara Mai Lofe ya dawo hutu daga ƙasarsu da wani gwangwani mai huji-huji a murfi, cike da taɓo da jiƙaƙƙiyar ciyawa. Ya sa aka fito da wani akwatin gilashi, aka shimfiɗa yashi a ƙasansa, aka zuba ruwa, sannan ya juye gwangwanin a ciki. Da ruwan ya kwanta sai ga abubuwa shida suna murɗawa. Kowanne bai wuce tsawon tafin hannu ba, siriri kamar ɗan maciji, launin ƙasa da baƙin zane daga kai har wutsiya, da gashin baki kewaye da bakinsa irin na tarwaɗa.

Mai Lofe ya nuna su da bakin lofensa ya faɗi sunansu da harshensu, ya ce, "Losh."

Ɗanasabe ya gyaɗa kai, amma bai yarda kifi ne kawai ba. Mamman, kukun gidan, ya ƙara masa shakka da suka fita bayan madafa. Ya ce, "Abin da ba a ci, ba a saidawa, amma a ɗauko shi daga bayan teku a riƙa ciyar da shi, ai kai ma ka san ko mine ne."

Sai dai ruwa aikin Ɗanasabe ne, don haka kifin ya faɗo hannunsa. Mai Lofe ya koya masa da 'yar Hausarsa, sauran kuma da nuni. Ba a zuba musu ruwan da aka ɗebo yanzu-yanzu, sai ya kwana a buɗaɗɗen tulu dattinsa ya kwanta. Ba a sake ruwan gaba ɗaya. Kashi ɗaya cikin uku ake kwashewa, a mayar da sabo a hankali ta kan tafin hannu don kada yashi ya tashi. Yashin kansa na cikin gulbi ake nema, mai laushi, a wanke shi har ruwan wankin ya fita tas, domin a cikinsa kifin yake nutsewa ya bar gashin baki kawai a waje, tsakuwa kuma yanka masa fata take yi. Hannun da ya taɓa sabulu ko kananzir ba ya shiga akwatin. Abin da ya fi kome wuya zafi ne. In bazara ta yi, Ɗanasabe yakan lulluɓe akwatin da jiƙaƙƙen buhu ya riƙa yayyafa masa ruwa sau biyar sau shida a yini. Duk da haka bazarar farko biyu suka mutu, ta biyu ɗaya ya bi su.

Ukun da suka rage suka saba da ƙasar, shi ma ya saba da su. Ya san sun fi son tana da gara. Ya san in ruwa ya tsufa sukan taso sama su haɗiyi iska, su fitar da ita ta baya da wata 'yar ƙara. Ya kuma lura cewa kafin hadari ya haɗu, wani lokaci da yini guda, sukan bar yashi su yi ta sama da ƙasa jikin gilashi kamar ana korarsu. Mai Lofe ya ce a ƙauyen ubansa manoma don haka suke ajiye su a kwalba. Ɗanasabe ya ji, ya ajiye maganar a gefe.

Daminar da aka sami mulkin kai, Mai Lofe ya ɗaure kayansa aka loda a kamiyo, babbar motar kaya. Ya ba Mamman gadon ƙarfe da fitila da tukwane. Da ya zo kan Ɗanasabe sai ya kama hannunsa ya ɗora kan akwatin gilashi, ya ce, "Kai ka san ruwa. Naka." Ya hau mota, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Ɗanasabe ya yi godiya, amma hankalinsa bai kwanta ba. Kwana uku yana juya abin. Ko wata cuta Anasaran ya sauke a jikin kifin ya bar masa? Ko wani alkawari ne da iskokin ruwa, ya nemi wanda zai gaje shi? A rana ta huɗu ya zuba su a ƙwarya ya nufi gulbi, wanda a lokacin ya cika yana gudu, da niyyar ya juye su ya huta. Ya tsuguna a bakin ruwa ya sa hannu cikin ƙwaryar. Ɗaya daga cikinsu, mafi girma, ya zo ya kwanta a tafinsa yana tsotsar tsakanin yatsunsa, yadda ya saba yi in an kawo tana. Ɗanasabe ya daɗe a tsugune. Daga baya ya tashi ya koma da ƙwaryarsa.

Tunda aiki ya ƙare, gida ya nufa. Kifin suka yi tafiyar a tulu kan jaki, akwatin kuma a kansa bisa gammo, tun hantsi har la'asar sakaliya. Gilashin ya tsage ta kusurwa ɗaya a hanya, ya liƙe shi da kakin zuma.

Habi, wadda ta riga shi komawa ƙauye da wata guda, ta leƙa tulun sau ɗaya ta ja da baya. Ta ce, "Malam, wanga abu ba ya kwana ɗakin da nika kwana. Kuma ƙafata ba ta taka inda shike."

Bai yi gardama ba. Ya gina ɗan ɗaki bayan rumbu, ya haƙa rami a tsakiya har gwiwa don sanyi, ya zaunar da akwatin a ciki, ya sa ƙofar zana mai kauri saboda kaji da rana. 'Ya'yansu mata biyu sun riga sun yi aure a wasu garuruwa, gidan daga shi sai Habi, ba mai shiga ɗan ɗakin sai shi.

Muddin damina ba ta ɗauke ba, ba shi da damuwa. Yakan jera ƙorai a tsakar gida ya tari ruwan sama. Da kaka ta wuce sai ya gwada ruwan rijiyar gari. Rijiya ce mai zurfi ƙwarai, ruwanta da ɗanɗanon kanwa, mutane sun saba da shi. Kifin kuwa kwana biyu suka yi a cikinsa fatarsu ta fara yin fari-fari, suka ƙi tana. Ɗanasabe ya ɗauki garwa ya bi rijiyoyin ƙauyukan da ke kewaye yana ɗanɗanawa. Duk ɗaya ne.

Yana dawowa daga irin wannan yawo ne ya gamu da Jaye, wani makiyayi da danginsa suke sauka a gonakin garin kowane rani, shanunsu su ci kara su bar taki. Jaye ya ga mutum ya galabaita da garwa wayam, ya miƙa masa gora. Ɗanasabe ya kurɓa, ya riƙe ruwan a baki kafin ya haɗiye.

"Ina ka samo wanga ruwa?"

Jaye ya nuna kudu da sandarsa. Akwai wani kwari can, tafiyar rabin yini, inda suke tona 'yan rijiyoyi gajeru a cikin yashi su shayar da maruƙa.

Suka shirya. Jaye zai riƙa kawo gora biyu kan takarkarinsa ran Litinin da ran Alhamis, Ɗanasabe kuma ya bar masa karan gonarsa da ƙaiƙayi da dusa. A zuwansa na uku Jaye ya ce, da Hausarsa mai karyewa, "Kaɗo, wa ke shan ruwan nan? Kai rijiya kake sha, na gani." Ɗanasabe ya kai shi ɗan ɗakin ya ɗaga masa zana. Jaye ya tsuguna bakin ramin ya daɗe yana kallo, har babban kifin ya fito daga yashi ya zagaya.

Ya ce, "Ba nono, ba nama." Ya sake kallo. "Amma kiwo ne. Ka ga wancan ƙarami, ba ya samun abinci, babba yana ture shi. Ka riƙa sa masa nasa a can gefe."

Gaskiya ne kuwa, kuma Ɗanasabe bai taɓa lura ba. Tun daga ranar, in Jaye ya sauke goruna sai sun zauna bakin ramin na ɗan lokaci. Ba su cika magana ba.

Gari kuwa yana gani. Ga Bafillace na shiga gidan mutum sau biyu a mako da goruna a toshe, a wuce da su wani ɗaki da ko matar gida ba ta shiga, a fito da su wayam. Mata suka tambayi Habi a bakin rijiya, ta ce kifi ne. Suka kalli juna. Wa ya taɓa jin kifi a ƙasar da rijiya ta fi gaba ashirin? Ɗanasabe ya kira wasu dattawa ya nuna musu don a huta. Suka leƙa, ba su ga kome ba sai ruwa da yashi, domin kifin sun ji motsin baƙi sun nutse. Wannan ya fi rashin nunawar muni.

Ƙarshen bazarar da ta biyo, wata safiya ya tarar da kifin suna sama da ƙasa jikin gilashi, alhali sararin sama fes yake. Ya ɗauki sungumi, Habi ta bi shi da ƙwaryar iri, suka yi binne a busasshiyar ƙasa gonar gaba ɗaya. Masu wucewa suka yi ta dariya. Washegari da la'asar aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya, geronsa ya riga na kowa tsira. Ba wanda ya ƙara dariya, ba kuma wanda ya yi masa barka. Shekarar da ta biyo kifin suka sake tashi, ya sake binne, iska kawai aka yi mai ƙarfi ba ko ɗigo, zabi da tururuwa suka kwashe irin. Wannan kam ba wanda ya riƙe ta a ka.

A shekara ta uku ruwa ya yi jinkiri. Garuruwan gabas suka yi shuka, na yamma suka yi, su kuwa hadari ya taso baƙi ƙirin, in ya zo kansu sai ya watse. Aka yi roƙon ruwa sau biyu. Bayan na biyun ne Jibo, yayan Ɗanasabe, ya shigo gidan da azahar, ya ƙi zama kan tabarmar da Habi ta shimfiɗa masa.

"Ɗanasabe, mi ke cikin ɗakin ga?"

"Kifi ne, Yaya. Ai kana cikin waɗanda na gwada ma."

"Ka gwada muna ruwa da yashi. Abin da ke ƙarƙashin yashin fa?"

"Su ne. Tsoron mutane sukai."

Jibo ya yi tsaki. "Mutane na cewa ruwan garin ga yana ɗaure cikin kwalbarka. Sun ce kai kaɗai ka san ranar da za ya sauka."

"Na sani sau ɗaya, na kuskure sau ɗaya. Bara irina duka ya tafi cikin ƙasa, gurinka na zo ka ba ni na sake shuka. Ka mance?"

"Ban mance ba. Amma gidanmu tun kakanni ba a taɓa nuna shi da baki ba, sai yanzu. Ka fito da abin ga dandali ka fasa shi gaban mutane. In kifi ne, kifi ya mutu. Mi aka rasa?"

Ɗanasabe ya dubi bakin yayansa har ya gama. Ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri. Ba su yi ma kowa kome ba."

Jibo ya fita bai yi sallama ba. Bayan kwana tara aka yi ruwa, aka yi shuka, damina ta tafi daidai. Maganar ɗaurin ruwa ta kwanta, amma wata ta tashi a madadinta, wadda ta fi ta haɗari.

A shekarun nan hukuma na farautar mutanen da aka ce suna ƙetaro iyaka da takardu da makamai. Kowa na tsoron maƙwabcinsa, kuma wanda duk ake jin haushinsa kalma ɗaya ta isa ta kai shi buro, wato ofishin hukuma. Wani, har yau ba a san ko wane ne ba, ya kai labari cewa akwai Bafillacen da ke kawo kaya daga kudu cikin goruna, ana binnewa a wani ɗaki bayan rumbu.

Da rani, wata Litinin da hantsi, Jaye na cikin sauke goruna, sai ga jandarma biyu sun shigo tare da mai gari Hambali, jama'a na biye har ƙofar gida. Babban jandarman ya sa aka juye gorunan a ƙasa. Ruwa ya malale cikin yashi. Ƙaramin ya taka gora ɗaya da takalmi ta fashe, ya duba cikinta. Suka yaye zana suka shiga ɗan ɗakin. Babban ya leƙa ramin, ya tambayi abin da ke ciki, aka ce kifi. Ƙaramin bai gamsu ba. Ya zaro siririn ƙarfen da ake share bakin bindiga da shi, ya cusa cikin ruwan ya shiga tonon yashi kusurwa-kusurwa. Kifin suka fito a firgice suna bugun gilashi, ruwan ya yi jawur da laka.

Ɗanasabe ya durƙusa ya ce, "Ranka shi daɗe, a hankali. Fatarsu ba ta da ƙwari."

Ba a sami kome ba. Babban jandarman ya sunkuya ya kalli abubuwan da ke murɗawa a cikin lakar, ya ce, "Ana ci?"

"Ba a ci, ranka shi daɗe."

"To don mi kake ajiye su?"

Ɗanasabe ya ce, "Mun saba."

Jandarman ya kalli mai gari, mai gari ya kalli ƙasa. Suka bar Ɗanasabe, amma suka ce Bafillacen zai bi su Cadakori ya amsa tambaya. Ɗanasabe ya bi su har bayan gari yana roƙo, suka kore shi.

Kwana biyu Jaye ya yi a can. Ran Laraba da yamma aka sake shi, leɓensa a kumbure. Ran Alhamis sai ga shi da gora ɗaya kan takarkari, kamar ba abin da ya faru. Ɗanasabe ya karɓa, ruwan ya kwana a tulu, ran Juma'a da safe ya sake wa kifin kashi ɗaya cikin uku. Tun ran Litinin ba su ci abinci ba, ya ɗauka firgita ce. Ran Asabar ya tarar da biyu a saman ruwa ciki sama, har da babban mai kwanciya a tafinsa. Ƙaramin kaɗai ya rage.

Ya binne su a gindin rumbu, ya zauna yana lissafin mutane. Dama tun ranar binciken ya canza. A masallaci yakan bi sahu da ido yana tambayar kansa wane ne ya kai shi. Ya kewaye ɗan ɗakin da ƙaya, yakan share yashin bakin ƙofar kafin ya fita don ya ga sawun wanda ya zo. Ya fara da zargin Jibo, sannan mai gari, sannan wani maƙwabci da suka taɓa saɓani kan iyakar gona. Yanzu kuma sai tunaninsa ya tsaya kan ruwan Alhamis. Wanda aka kai buro kan irin wannan zargi yakan yi wata da watanni. Me ya sa aka saki Jaye cikin kwana biyu? Me ya yi musu alkawari? Ko kuwa shi da kansa ya ga in kifin suka mutu ya huta da wahala?

Ran Litinin da Jaye ya zo, Ɗanasabe ya tare shi a ƙofar gida, bai ba shi hanya ba.

"Mi ka zuba cikin ruwan Alhamis?"

Jaye bai gane ba sai da aka maimaita masa. Da ya gane, sai ya kwance gorar daga kan takarkari, ya buɗe, ya kafa kai ya sha mai yawa, ya goge baki. Sauran ya juye a ƙasa tsakaninsu.

Ya ce, "Kwana biyu ina buro don ruwan kifinka, shanuna a hannun mata. Sun ce in faɗi abin da kake ɓoyewa, na ce kifi. Sun buge ni, na ce kifi." Ya rataya gorar. "Allah shi ba ka wani mai ruwa, Kaɗo."

Ya ja takarkarinsa ya tafi. Kafin mako ya zagayo rugarsu ta tashi daga gonakin garin, suka yi gabas.

Ɗanasabe ya koma ɗaukar ruwa da kansa. Ya nemi kwarin da Jaye ya taɓa nuna masa, ya riƙa zuwa sau ɗaya a mako, ya fita da asuba ya dawo bayan la'asar, sanda a kafaɗa kamar zamanin Tibiri. A gida kuwa magana ta ƙara ƙaranci. Habi takan ajiye masa tuwo, ya ɗaga murfi ya daɗe yana dubawa kafin ya ci.

Sai bayan damina ta zo ta wuce, suna ɗaure dammunan gero su biyu a gona, Habi ta yi magana ba tare da ta ɗago ba.

"Malam, akwai abin da ban faɗa maka ba. Ranar da jandarma sunka zo, da ka bi su bayan gari, na shiga ɗakin."

Ya bar igiyar da ke hannunsa.

"Na ji tausayinsu ne, na ce bari in gani ko sun mutu. Sai na ga maiƙo kwance bisa ruwan yana walƙiya, kamar na miya, da warin man bindiga. Na ɗauko ludayi na kwashe abin da na iya. Na zaci ya isa."

"Don mi ba ki faɗa mini ba?"

"Na farko kunya, don na rantse ba ni shiga. Da sunka mutu kuma, kowa kake zargi. In na ce ƙafata ta taka ɗakin, ni za ka ce. Ina kallo ka tare bawan Allah nan a ƙofa, bakina ya ƙi buɗuwa. Tun ranar ban ji daɗin raina ba."

Ɗanasabe ya tuna ƙarfen nan yana shiga ruwa yana fita. Shi da ya shekara goma yana wanke hannu da toka da yashi kafin ya taɓa akwatin, ya ga an cusa ƙarfe mai mai a ciki, amma tunaninsa bai je can ba ko sau ɗaya, domin yana can yana neman mutum. Bai yi wa Habi faɗa ba. Ya ɗauki igiyarsa suka ƙarasa ɗaurin.

Da aka gama shigar da hatsi rumbu ya tafi neman Jaye. Aka ce an ga danginsa wajen Sae Sabuwa. Kasuwa uku ya ci a can kafin ya hango shi a kara, inda ake sayar da shanu, yana riƙe da igiyar wani bijimi. Suka gaisa doguwar gaisuwa, ta shanu da iyali da ciyawa. Sannan Ɗanasabe ya cire hularsa ya faɗi abin da ya kawo shi, bai rage kome ba.

Jaye ya saurara yana sosa wuyan bijimin. Ya ce, "Ƙaramin yana nan?"

"Yana nan. Ya yi ƙiba, ba mai ture shi."

Jaye ya yi ɗan murmushi. Ya ce, "Na yafe, don Allah. Amma gonarka ba na sake sauka. Mutanen garinku sun kai ni buro, na ce su baƙi ne gare ni. Kai mun zauna bakin rami ɗaya." Sannan ya ƙara da cewa, "In ka je kwarin, kada ka ɗiba a rijiyar bakin hanya, raƙuma na ɓata ta. Ka wuce gaba, gindin farar ƙaya, ka tona kamu biyu."

Mai sayen bijimi ya iso, Jaye ya juya gare shi. Ba su sake haɗuwa ba.

Ƙaramin kifin ya ƙara shekara huɗu a duniya, ya mutu a wata bazara mai tsanani duk da jiƙaƙƙen buhu. Ɗanasabe ya cire ƙayar da ke kewaye da ɗan ɗakin, Habi ta mai da shi wurin ajiyar kaji. Shi da Jibo suka ci gaba da noma gona kusa da gona, suna gaisawa, suna cin tuwon salla a akushi ɗaya, ba wanda ya taɓa ɗauko zancen ranar jandarma. Ko Jibo ne ya kai labarin, ko ba shi ba ne, Ɗanasabe ya daina tambayar kansa, ko kuma ya daina bari a gani.

Ya rayu shekara shida bayan haka. Kowace shekara in bazara ta yi nisa, sai ka ga wasu daga cikin waɗanda suka bi jandarma har ƙofar gidansa sun zo gaishe shi ɗaya bayan ɗaya. Bayan gaisuwa mutum ya rage murya ya ce, "To Malam Ɗanasabe, yaushe kake ganin za a yi binne?" Shi kuma ya ce bai sani ba, kifin ya mutu, kuma ko da yana raye ba kullum yake dacewa ba. Sai su yi godiya su tashi. A hanya su ce wa juna ya sani sarai, rowa ce kawai, su sa ido su ga ranar da zai ɗauki sungumi.